Matakalar Eulalia

Shekarata ta farko a jaridar bakin teku,
a Balparaiso, garin da gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
na miƙa wa Eulalia Troncoso labarin gobarar kasuwar kifi,
shafi guda cur, ba ƙofa ba taga.

Ta ɗaga takardar ta haska da fitila.
Ta ce, "Baltasar, wannan ai katanga ce.
Wa ka tsana haka, har ka gina masa ita?"

Na ce to a faɗa mini ƙa'ida,
jimla nawa ke cika sakin layi?
A makaranta an ce mana biyar,
wani ya ce uku,
wani ya ce a auna da faɗin tafin hannu.

Ba ta tanka ba. Ta rataya jaka, ta ce in raka ta gida.

Gidanta na can ƙololuwar tudu,
motar da igiya ke ja ta lalace tun watan jiya,
sai matakala, ɗari da sittin da biyu.
Muka taka goma sha ɗaya, sai ga ɗan fili,
kyanwa na barci a tukunyar fure.
Muka taka talatin, gwiwa na kuka,
sai wani fili, daga nan ana hango jiragen ruwa
sun yi layi kamar masu jiran albashi.
Muka taka huɗu kacal,
hanya ta karya kwana, ga fili kuma.

Ta dafa ƙarfe tana haki, ta ce,
"Magini bai ƙirga ba.
Inda tudu ya juya, nan ya juya.
Inda ya san tsohuwa da kwandon albasa
za ta nemi numfashi,
nan ya shimfiɗa mata wurin tsayawa."

Washegari na zo da almakashi a zuci.
Kowace jimla na ware mata ɗaki.
Ta duba, ta yi tsaki:
"Jiya katanga, yau tsakuwa.
Idan kowane taki hutu ne,
mai hawa zai manta gidan wa ya nufa."

Sai daren da kwalekwalen Nicanor Ulloa bai dawo ba.
Na zauna ƙarfe biyu, rigata jiƙe da ruwan gishiri,
na rubuta guguwar yadda masu gadin gaɓa suka ba ni,
iska ta taso, igiya ta tsinke, fitila ta mutu,
ruwa ya hau, ya sauka, ya sake hawa,
layi goma sha tara ban saki ba,
don teku ma bai saki ba.
Jan alƙalaminta ya yi shawagi a kai kamar shirwa,
ya wuce bai sauka ba.

Amma da ta iso sunayen mutum biyar ɗin
da na cusa a jimla ɗaya don tsimin takarda,
sai ta raba su, kowa da layinsa,
da farin fili sama da ƙasa.

"Matansu za su karanta," ta ce.
"Bar musu wurin zama."

Yau shekara ashirin da shida ke nan.
Eulalia ta daina saukowa daga tudu,
ni ke kai mata jarida ran Lahadi,
ina tsayawa a filayen da dā nake wucewa da gudu,
har na gano wasu biyu da ban san da su ba.
Jan alƙalamin yana aljihuna, ya sha cizo.

Jiya wata sabuwar yarinya, Jimena,
ta ajiye mini katangarta a tebur,
ta ce, "Maigida, jimla nawa ne daidai?"

Na leƙa ƙafarta, takalma masu tsini.
Na ce gobe ta zo da na roba.